Ka jiƙa karan kafin ka busa: zare a kan rid ɗin saksafon

1/ Jama'a, yau zan taɓo maganar da yawancin masu koyon saksafon ke rainawa: jiƙa rid kafin a fara busa. Ra'ayina tun daga farko, don kada mu ɓata wa juna lokaci: lasar nan sau biyu da ake yi a ɗaura, ba ta isa a kira ta jiƙawa ba. Zaren yana da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ga wanda bai san rid ba. Wani ɗan kara ne, tsawonsa kamar na yatsa, an fere gefe guda har bakinsa ya yi siriri kamar takarda. Ana kwantar da shi a ƙarƙashin bakin busa, a matse shi da ɗan ƙarfen da zan riƙa kira maɗauri. Idan ka hura iska, shi ne yake rawa, yana buɗewa yana rufewa.

3/ Duk tagullar nan mai ƙyalli da kuke gani a wuyan mai busa, ita kaɗai ba ta iya cewa uffan. Aikinta ta karɓi rawar da karan ya yi ta tsara ta. Shi ya sa ake lissafa saksafon a dangin kilarinet, ba a dangin tirampet ba, duk da cewa da ƙarfe aka ƙera shi.

4/ Adolphe Sax, mutumin Beljiyam da ya ƙirƙiro abin, ya yi masa rajista a Faris a 1846. Dabararsa ita ce ya ɗauko irin bakin kilarinet mai kara ɗaya ya haɗa da jikin ƙarfe mai faɗaɗa. Tun daga ranar har yau an sauya maɓallai, an sauya fenti, amma karan nan yana nan inda ya ajiye shi.

5/ Ga wani abu da nake son tuna wa masu cewa "ai nawa saksafon ɗin ɗan Chana ne, shi ya sa ba ya daɗi". A 15 ga Mayu 1953, Charlie Parker ya hau dandamali a Massey Hall da ke Toronto, tare da su Dizzy Gillespie da Max Roach, da saksafon na ROBA, samfurin Grafton. Har yau ana sayar da faifan wannan dare.

6/ Ban ce jikin saksafon ba shi da tasiri ba. Yana da shi, musamman idan yana yoyon iska. Amma kafin ka zagi kayan, ko ka zagi kanka, ka fara duba abin da ya fi komai araha a jikinsa kuma ya fi komai aiki.

7/ Ka ji irin aikin: idan ka busa sautin da ake daidaita kayan kiɗa da shi, wato A mai 440, karan nan yana kai da komo sau 440 a daƙiƙa ɗaya. Sama da sau dubu 26 a minti guda. Wannan ne kake so ya yi a bushe, ƙiƙam, kamar tsinken tsire?

8/ To, me ruwa yake yi masa? Sai mun koma asalinsa. Rid ba katako ba ne. Wata irin doguwar ciyawa ce mai kama da gora, sunanta a kimiyya Arundo donax. Wadda aka fi yabo ana noma ta a yankin Var, kudancin Faransa. Ana samun ta kuma a Sifen da Ajantina.

9/ Kamfanin Vandoren, wanda Eugène Van Doren ya kafa a 1905, a yankin nan yake da gonakinsa. Karan yakan yi kimanin shekara biyu a gona, a sare shi da sanyi, sannan ya ƙara kimanin shekara biyu yana bushewa kafin a fere shi. Wato kusan shekara huɗu kafin ya iso hannunka. Kai kuma minti biyu ya gagare ka. 😅

10/ Cikin karan cike yake da ƙananan jijiyoyi da ruwa ke bi lokacin da yake raye. Kana iya gwadawa da sabon rid: ka jiƙa shi, ka sa gindinsa mai kauri a baki ka hura. Za ka ga 'yan kumfa suna tsattsafowa ta wajen da aka fere. Jijiyoyin ke nan, a buɗe.

11/ Idan suka sha ruwa, zarurrukan karan sukan yi taushi, su iya lanƙwasuwa su dawo ba tare da sun tsage ba. Mu da muka taso muna ganin masu saƙar tabarma da faifai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wa ya taɓa ganin an saƙa kaba a bushe? Karyewa za ta yi a hannunka.

12/ Yanzu ga inda nake da rigima da masu lasa.

Rid da aka taɓa busawa ya bushe, idan ruwa ya fara taɓa shi, bakin nan mai siriri shi ke fara sha, tun kafin sauran jikin ya farga. Sai ya yamutse, ya yi tudu da kwari kamar bakin kwanon rufi. Ka ɗaga shi ga haske za ka gani da idonka.

13/ Idan ka ba shi lokaci, sauran jikin ya sha nasa, bakin yakan miƙe da kansa. Amma mai lasa sau biyu daidai lokacin da bakin ya yamutse yake ɗaurawa. Wato ya zaɓi mafi munin hali da rid zai iya kasancewa a ciki, sannan ya fara busa. Bai bar shi a bushe ba, bai kuma jiƙa shi ba.

14/ Sakamakon kun san shi, ko ba ku san dalilin ba. Wannan "kiiii" ɗin da ke tsinka kunne. Sautin da ke fitowa da huci kamar tayar da ta yi faci. Sautukan ƙasa, su B da C na can gindi, su ƙi fita sam, ko su yi tsalle su koma sama.

15/ Dalili shi ne rid yana buƙatar ya kwanta ɗaf a kan bakin busa, ya toshe gefe da gefe. Inda duk ya bar 'yar kafa, iska za ta bi. Ba bakin kaɗai ba fa. Bayan rid ɗin, shimfiɗaɗɗen gefen da ke manne da bakin busa, shi ma sai ya sha ruwa daidai kafin ya zauna sosai.

16/ Shi ya sa nake cewa a tsoma shi DUKA. Masu tsoma baki kawai su bar gindi a bushe sun yi rabin aiki.

17/ Akwai gwajin da ba ya ƙarya. Ka ɗaura rid a bakin busa, ka toshe ƙasan da tafin hannunka, ka zuƙe iskar ciki, ka cire bakinka. Idan ya zauna daidai, zai manne na ɗan lokaci sannan ya saki da "fot". Idan bai manne ba ko kaɗan, iska na tserewa. Ka gwada da busasshe, ka gwada da jiƙaƙƙe, ka zo mu yi magana.

18/ Wani zai ce to don an yi "kiii" sau ɗaya sai me? Ai bayan minti biyar na busa zai jiƙa da kansa.

Gaskiya ne, zai jiƙa. Ga ƙwararre wannan ɗan abin haushi ne kawai. Ga mai koyo kuwa, a cikin minti biyar ɗin nan ake yin ɓarnar da ke ɗaukar shekara ana gyara.

19/ Ka lura da yaron da rid ya ƙi yi wa magana. Ba ya tunanin karan ne. Sai ya ƙara ƙarfin huri. Bai yi ba, sai ya cije. Da ya cije, sautin ya ɗan fito, ƙwaƙwalwarsa ta rubuta: "haka ake yi." Gobe ma haka. Jibi ma haka.

20/ Bayan wata uku ka samu mai busa da leɓen ƙasa duk shaidar haƙori, sautinsa siriri a shaƙe, kullum yana sama da sauran 'yan ƙungiya, domin cizo yana ɗaga sauti. Ba ya iya minti ashirin bai gaji ba. A ƙarshe ya ce shi ba shi da baiwa, ya tura akwatin ƙarƙashin gado.

21/ Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, kuma abin yana ƙona min rai, saboda a ƙasar nan samun saksafon ɗin ma kansa ba wasa ba ne. Wani iyayensa ne suka yi ta tari. Wani aro ya yi a coci ko a makaranta. A ce abin da ya kore shi bai wuce rabin kofin ruwa ba.

22/ Kuma laifin a wajena ba na yaran ba ne. Na masu koyarwa ne da ke fara darasin farko da "ga inda za ka sa yatsu". Darasin farko ya kamata ya zama yadda ake riƙe rid ba a taɓa bakinsa ba, yadda ake jiƙa shi, yadda ake ɗaura shi daidai da bakin busa. Yatsu su jira.

23/ Sai babbar muhawara: ruwa ko yawu?

Na san amsar da za a jefo min: "Ai manyan 'yan jaz a baki suke sawa." Haka ne, da yawansu haka suke yi, ba na musu. Amma ka kalle su da kyau. Rid ɗin yana bakinsu tun daga buɗe akwati har su gama haɗa kaya. Minti biyu, uku, suna juya shi kai da gindi.

24/ Wannan jiƙawa ce ta gaske, kuma idan bakin mutum tsaf yake, ba ni da ta cewa. Abin da ake kwaikwaya a nan shi ne hoton, ba a kwaikwayi haƙurin ba.

25/ Za ku kuma ji ana cewa wai yawu yana narkar da rid. Wannan an ɗan ƙara masa gishiri. Sinadarin da ke cikin yawu sitaci yake narkarwa, shi kuwa kara yawancinsa zare ne irin wanda cikin ɗan Adam ma ba ya iya narkarwa. Matsalar yawu ba ita ce wannan ba.

26/ Matsalar ita ce abin da yawun ya ɗauko. Shayi mai sukari cokali huɗu. Lemon kwalba. Yajin tsire. Goro, wanda har launi yake bari. Duk wannan yana shiga jijiyoyin nan da na faɗa, ya toshe su, ya bushe a ciki. Rid ɗin ya yi nauyi, ya dushe, ya mutu tun kwanansa bai ƙare ba.

27/ Saboda haka matsayina: ruwa mai tsabta ya fi. Ya fi saurin ratsa karan ko'ina daidai, ba ya barin komai a ciki. Ba sai na musamman ba, fiya wata ma ta wadatar. Kada ya zama mai zafi. Ka samu 'yar robar magani da ta ƙare, ka wanke ta tas, ta zauna a akwatinka.

28/ Idan kuwa ba ruwa a kusa, ka kuskure baki, ka sa shi a baki ka ba shi lokacinsa. Ba haramun ba ne, na biyu ne dai.

29/ Masu cewa ba su da lokaci, ku ji tsarin. Da ka buɗe akwati, abu na FARKO ka jefa rid a ruwa. Sannan ka rataya igiya, ka sa wuyan saksafon, ka shafa wa toton man shafawa, ka sa bakin busa. Kafin ka gama, minti biyu sun cika. Ko daƙiƙa ɗaya ba ka ƙara ba, jeri kawai ka sauya.

30/ Minti nawa? Wanda ake busawa kullum, minti ɗaya zuwa biyu. Sabo fil ko wanda ya daɗe a ajiye, biyu zuwa uku. Amma agogo ba shi ne alƙali ba, idonka ne. Ka ɗaga shi ga haske. Bakin ya miƙe sumul? Ya isa. Da sauran yamutsi? Ka mayar, ko ka danne bakin a hankali da babban yatsa a kan shimfiɗar bakin busa.

31/ Yanzu kuma bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, don akwai 'yan "idan kaɗan ya yi kyau, da yawa zai fi". Mutum ya jefa rid a kofi tun safe, ya tafi kasuwa, ya dawo la'asar. Haba malam, ba wake ba ne. 😂

32/ Rid da ya sha ruwa ya wuce kima yakan yi nauyi ya yi laɓo-laɓo. Za ka ga duhun ruwa ya gangaro daga baki har tsakiya. Sautinsa ya zama kamar mai mura, sautukan sama su ƙi hawa. Sabon rid ya fi saurin faɗawa wannan hali, domin jijiyoyinsa duk a buɗe suke.

33/ Shi ya sa ba a ɗauko sabo daga kwali a tafi da shi biki. Ranar farko minti biyar ya isa, a ajiye. Gobe a ɗan ƙara. Bayan 'yan kwanaki ya saba da jiƙa da bushewa, sai ya zauna. Kuma a riƙa juya guda uku ko huɗu, a rubuta musu lamba a gindi, kowanne ya samu hutu.

34/ Na san akwai ƙwararrun da ke ajiye nasu a jiƙe dindindin cikin rufaffiyar kwalba, wasu har da sinadarin wanke baki a ciki don kashe ƙwayoyin cuta. Yana yi musu aiki, su suka san yadda suke kula da shi. Ba zan ba mai koyo wannan shawara ba, musamman a zafinmu.

35/ To ga abin da ya sa na ce maganar nan ta fi shafarmu fiye da Baturen da ya rubuta littafin koyon.

Hunturu. A Kano, Katsina, Sakkwato, Damagaram, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Leɓenka ma tsagewa yake yi, diddige ya yi faso. Ka yi tunanin karan da bakinsa bai fi kaurin takarda ba.

36/ A irin wannan yanayi rid ɗin da ka jiƙa sosai yana iya bushewa a kan saksafon ɗin kana zaune. Wanda ya taɓa busa a coci ko wajen dina ya sani. Ka shirya tsaf, sai wa'azi ya yi tsawo, ko mai gabatarwa ya kama kiran manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya. Minti arba'in.

37/ Sai a ce "bismillah, mai busa". Ka miƙe, makirfo a gabanka, amarya na shigowa, wayoyi ɗari a sama suna ɗauka. Sautin farko: kiiii. Kuma ka san mutanenmu, wannan daƙiƙa biyun ce za ta yi yawo a TikTok, ba sauran minti goman da ka yi da kyau ba.

38/ Maganinsa ba wuya. Murfin bakin busa ba ado ba ne, duk lokacin da ka sauke saksafon ka rufe. Yana riƙe danshi, yana kuma kare bakin rid daga rigarka. Idan zaman ya yi tsawo, lokaci-lokaci ka sa bakin busa a baki ka hura ɗumi a hankali ba tare da sauti ba.

39/ Ajiya ma a hunturu sai da dabara. Abin da ke karkata rid shi ne ya jiƙa sharkaf, ya bushe ƙamas cikin sauri, a maimaita kullum. A hankali bayansa ya daina kwanciya daidai. Daga nan ko ka jiƙa shi awa guda ba zai toshe ba.

40/ Kamfanoni sun san da haka. Vandoren kowane rid a ledarsa yake rufe shi don ya iso da danshinsa. D'Addario, wanda ya sayi Rico a 2004, yana sayar da akwatin rid mai 'yar jaka a ciki da ke riƙe danshi a kashi 72. Idan kana da hali ka saya, yana aiki.

41/ Idan babu hali, ga ta talaka, kuma kimiyya ce tsantsa. Gishirin girki da aka ɗan jiƙa, ya yi damshi bai narke ba, idan aka rufe shi a cikin roba yakan tsayar da danshin ciki wajen kashi 75. Ka zuba a murfin kwalba, ka sa a roba mai marfi tare da rid ɗinka. Kada dai gishirin ya taɓa su.

42/ Da damina kuma, ko idan kana Legas ko Fatakwal, sai a juya lissafin. A can ba bushewa ne abin tsoro ba, fumfuna ce. Ka bar su su sha iska kafin ka rufe.

43/ Tunda an zo maganar fumfuna, bari in faɗi wadda ba a so a ji. Ka gama busa, ka bar rid a ɗaure a bakin busa, ka rufe akwati har sati mai zuwa. Don Allah yau ka kwance ka leƙa ƙarƙashinsa. Baƙin nan da ka gani ba tsufa ba ne, abu ne mai rai, kuma kana zuƙar sa.

44/ Ba tsoratarwa nake yi ba, abin ba ya faruwa da yawa, amma likitoci sun rubuta shi. A 2010 mujallar Chest ta kawo labarin mai busa saksafon da huhunsa ya kumbura saboda fumfunar da ke cikin kayansa. A 2016 mujallar Thorax ta kawo na wani ɗan shekara 61 a Ingila, mai busa algaitar Sukotlan mai jaka, wanda irin wannan ciwo ya yi ajalinsa.

45/ Abin da za ka yi bai kai minti ɗaya ba. Cire rid, ɗauraye, share shi daga gindi zuwa baki da tsumma mai tsabta, kwantar da shi a madaidaicin wuri, maajiyarsa ko ɗan gilashi. Ka zura tsumma a bakin busa da wuya da jiki. Shi ke nan.

46/ Sai shugabannin ƙungiyoyin busa, na makarantu da na coci-coci. Ranku ya daɗe, da girmamawa nake magana. Na taɓa zuwa atisayen wata ƙungiya na tarar da saksafon ɗaya, rid ɗaya, yara biyar suna karɓa-karɓa. Wannan ya cire daga baki, wancan ya sa. Bakin rid ɗin har ya yi giɓi.

47/ An kashe kuɗi an ɗinka musu yunifom mai igiyoyin zinare, amma kwalin rid bai shiga kasafi ba. Saksafon a iya yin tarayya a kansa. Rid kuwa kamar buroshin haƙori yake, kowa da nasa. Idan da hali, bakin busa ma haka.

48/ Na san uzurin, kuma uzuri ne na gaske: tsada. Daga waje suke zuwa, da dala ko yuro ake saye, kuma kowa ya ga abin da ya samu naira tun 2023. Kwalin na alto guda goma ne, na tenor galibi biyar, kuma ba duka ke fitowa da daɗi ba, tunda tsiro ne, babu biyu da suka zama ɗaya.

49/ Amma ai wannan hujjata ce, ba taku ba. Idan abu ya yi tsada sai a ƙara kula da shi. Busasshen baki shi ke saurin tsagewa. Wanda ake jiƙawa da shayi shi ke saurin mutuwa. Wanda aka bari a ɗaure shi ke karkacewa. Duk hanyoyin ƙona kuɗi ne.

50/ Wani kuskure da rashin jiƙawa ke haifarwa: mutum ya ji rid ya yi masa tauri, sai ya ce lambar ce ta yi yawa, ya sayo mai laushi. Lambobin nan, 2, 2.5, 3, suna nuna taurin karan ne, kuma ba a gane gaskiyar taurin rid sai ya jiƙa. Kada ka yanke masa hukunci a bushe.

51/ A gefe: lambar wani kamfani ba ta zama daidai da ta wani ba. 2.5 na Vandoren mai shuɗin kwali ya fi 2.5 na Rico mai kwali ruwan lemo tauri. Mai koyo ya fara da 2 ko 2.5, kuma babbar lamba ba ita ce jarumta ba.

52/ Na san akwai masu jira a ƙasa da amsa guda: "Sayi na roba ka huta." To, ban raina shi ba. Tun lokacin yaƙin duniya na biyu, da karan Faransa ya yi wuyar samu, aka fara yin na roba a Amurka. Na yanzu, irin na Légère na Kanada da aka kafa a 1998, sun yi nisa ƙwarai. Ba jiƙawa, ba ruwansu da hunturu.

53/ Ga mai busa a fareti cikin rana, ko mai sauya kaya biyu uku a dandamali ɗaya, wallahi shawara ce mai kyau. Ni ma ina ganin kowa ya ajiye guda a akwati saboda ranar tsiya. Kuɗinsa a tashi ɗaya ya fi, amma yana daɗewa.

54/ Sai dai kunnena har yanzu yana wajen kara. Akwai wani ɗumi da 'yar ƙura-ƙura a sautinsa da nake nema, irin wadda za ka ji idan ka saurari tsofaffin faifan Fela ko Manu Dibango. Wannan ɗanɗano ne, ba doka ba, wani zai ji saɓanin haka. Kuma na roba ma sai an wanke shi, kada a ce an tsira daga tsabta.

55/ Masu busa obo da basun, waɗanda nasu karan biyu ne a haɗe, ba sa ma wannan gardama. Za ka ga 'yar kwalbar ruwa a maƙale a jikin abin ɗora takardarsu, a tsakiyar babban zaure, kowa sanye da kwat, ba wanda ke ganin abin kunya ne. Algaitarmu ma 'yar dangin obo ce, mai kara biyu. A cikin dangin nan mu masu saksafon ne kaɗai ke jin mun fi ƙarfin kofin ruwa.

56/ Mai koyo da ke karanta wannan, ga aikin gida. Gobe ka ɗauki rid biyu masu lamba ɗaya. Ɗaya ka lasa ka ɗaura yadda ka saba, ka kunna rikodin waya, ka busa dogon sauti daga G ka gangara har C na ƙasa. Ɗayan ka ba shi minti biyu a ruwa, kai da gindi, ka maimaita.

57/ Ka turo min duka biyun a nan ƙasa ba tare da ka faɗi wanne ne wanne ba. Mu ga ko jama'a za su kasa ganewa. 🎷